Aikin Fiɗa Domin Gyaran Ido Mai Karkata Wajen Hanci

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu, da ya ke su ne talakawa suka fi neman shawararsu kafin su ɗauki yaro zuwa asibiti mai nisa. Maganar da ke cikinsa ta shafi lahanin nan na ido wanda a ke kiran mai shi harara-garke, musamman irin wanda ƙwayar ido ke karkata ciki, wajen hanci. Mutane da yawa sun ɗauka halitta ce kurum wadda ba ta da magani, ba ta kuma da wata illa sai muni. Alhali kuwa akwai magani, illar kuma ta wuce muni, gama idon yaro da ya karkace ya kan rasa ganinsa a hankali, ba zafi ba raɗaɗi, har lokacin ceto shi ya wuce ba wanda ya farga.

YADDA IDO KE MOTSI

Kowace ƙwayar ido tana da tsokoki shida da ke juya ta. Biyu daga cikinsu su ne abin lura a nan. Ɗaya tana manne a gefen hanci, ita ke jan ido ciki. Ɗaya kuma tana gefen kunne, ita ke jan ido waje. Duk wanda ya saba da doki ya san aikin kamazuru: in an ja na dama fiye da na hagu, kan doki ya juya dama, in an daidaita su ya miƙe sosai. Haka tsokokin nan biyu su ke ga ido, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce mahayin da ke riƙe da su ta hanyar jijiyoyi.

A wurin yawancin yara masu wannan lahani tsokokin lafiyarsu ƙalau. Umurnin da ƙwaƙwalwa ke aika musu ne bai daidaita ba. Lahanin ya kan bi dangi, ya kan kuma fi samun bakwaini da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, ba kuwa laifin uwa ba ne.

ABIN DA KARKATA KE YI WA GANI

Idanu biyu masu lafiya su kan dubi abu guda tare, ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunansu biyu su zama ɗaya. Ta haka ne mutum ke gane zurfi da tazara, har ya iya zura zare a allura. In ido ɗaya ya karkace, hotunan ba su haɗuwa. Babban mutum sai ya riƙa ganin abu ɗaya biyu. Yaro ƙarami kuwa, ƙwaƙwalwarsa sai ta yi watsi da hoton da ke zuwa daga karkataccen idon, ta dogara ga ɗayan. In aka daɗe a haka, idon da aka yi watsi da shi ba zai koyi gani sosai ba, ko da ya ke babu abin da ya lalace a cikinsa. Shi likitoci ke kira raggon ido.

Ido yana koyon gani ne daga haihuwa zuwa wajen shekara bakwai ko takwas. Kafin nan ana iya farfaɗo da raggon ido. Bayan nan abin ya kan yi wuya ƙwarai, sau da yawa ma ya gagara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

BA KOWACE KARKATA KE BUKATAR FIƊA BA

Kafin likita ya ambaci fiɗa sai ya san irin karkatar, domin kowace iri da maganinta.

Ta fari ita ce wadda ke bayyana tun jariri bai cika wata shida ba. Ta kan yi yawa ƙwarai, ba ta kuma zuwa tana tafiya. Wannan galibi sai da fiɗa. Amma a lura, jariri sabon haihuwa idanunsa kan yi yawo jefi-jefi har wata uku ko huɗu, wannan ba kome ba ne. Wadda ta zauna daram, ko ta zarce wata huɗu, ita ce abin kai wa likita.

Ta biyu ita ce wadda ta fi farawa tsakanin shekara biyu da uku. Asalinta, idon yaron ba ya gani tangaran sai ya yi ƙoƙari mai yawa. To, Allah ya haɗa ƙoƙarin gani da jan idanu ciki, kamar yadda kowa zai gani in ya kawo yatsa kusa da hancinsa. Saboda haka yawan ƙoƙarin sai ya karkatar da idon. Maganin wannan tabarau ne. In yaro ya sa tabarau idon ya miƙe, ba a yi masa fiɗa ko kaɗan. In kuwa tabarau ya gyara rabi ya bar rabi, abin da ya saura shi kaɗai a ke yi wa aiki, yaron kuma ya ci gaba da sa tabaransa.

Ta uku ita ce wadda ke aukuwa in jijiyar da ke kai umurni ga tsokar gefen kunne ta shanye. Ciwon sukari, da hawan jini, da buguwa a kai, da sanƙarau, da ƙari a cikin kai duk suna kawo ta. Mai ita kan wayi gari yana ganin abu biyu-biyu. A nan ciwon da ya haddasa ta a ke fara nema. Da yawa su kan warke da kansu cikin 'yan watanni, don haka likita ya kan jira wajen wata shida kafin ya yi shawarar fiɗa.

Ta huɗu ita ce wadda ke zuwa saboda idon kansa ba ya gani, ko don yana, ko don tabon da ƙyanda ko rauni ya bari, ko don ciwon daji na cikin ido wanda ke kama yara ƙanana. Alamar wannan ciwon daji ita ce tsakiyar baƙin ido ta riƙa ƙyalli fari, kamar idon kyanwa da dare. Yana kisa in an yi jinkiri, ana kuwa warkar da shi in an zo da wuri. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a kai kowane yaro mai karkataccen ido a duba cikin idonsa.

Akwai kuma jariran da faɗin doron hancinsu ke rufe farin ido na ciki, har a zaci idon ya karkace, alhali lafiya lau ya ke. Likita kan rarrabe wannan da hasken tocila: in ɗigon hasken ya sauka wuri ɗaya a kan idanun biyu, babu karkata.

ABIN DA A KE YI KAFIN AIKI

Likita zai ɗiga magani mai buɗe ido, ya duba cikinsa, ya auna ko yaron na bukatar tabarau. In akwai raggon ido, shi a ke fara jiyya. A kan rufe lafiyayyen idon da filasta na waɗansu sa'o'i kowace rana, ko a ɗiga masa magani mai dushe ganinsa na ɗan lokaci, domin a tilasta wa raggon ya yi aiki. Iyaye da yawa kan yi mamakin ganin an rufe ido mai lafiya, har su cire filastar don tausayi. Ya kamata a fahimtar da su cewa wannan rufewa ita ce ke komo da gani. Fiɗa miƙe ido ta ke yi, ba ta ƙara masa ƙarfin gani.

Sa'an nan a auna girman karkatar da waɗansu gilasai masu kusurwa, a nesa da kusa, sau biyu ko fiye a ranaku dabam dabam. Bisa wannan awo ne likita ke lissafta yawan abin da zai gusar da tsoka.

HANYOYIN AIKIN

Abu na farko da ya wajaba a kawar daga zukatan mutane shi ne zancen cewa ana ƙwaƙule ido a gyara a mayar. Ba a fitar da ido daga gurbinsa, ba a kuma shiga cikin ƙwayar. Tsokokin a bayan ƙwayar su ke manne, a kan farin ido, ƙarƙashin wani siririn tantani. Likita ya kan tsaga tantanin kaɗan, ya kama tsokar, ya yi aikinsa, ya rufe. Ba a yanka fatar fuska, saboda haka ba a barin tabo a waje.

Aikin ya daɗe a duniya. A shekarar 1839 wani likitan Jamus, Dakta Difenbak, ya yi shi a birnin Balin ga wani yaro ɗan shekara bakwai, tun ba a fara amfani da banju a wurin fiɗa ba. A zamanin nan yanke tsokar gefen hanci a ke yi a sake ta, sai idanun mutane da yawa suka zarce suka karkata waje. Daga nan likitoci suka koyi auna aikin da ɗinke tsoka a wurin da aka zaɓa. Ga hanyoyin da a ke bi yanzu:

1. Ja da tsoka baya. Tsokar gefen hanci tana manne kimanin milimita biyar da rabi daga bakin baƙin ido. Likita ya kan ɗaura mata zare, ya raba ta da wurin, ya ɗinke ta a baya kaɗan. Da haka janta ya ragu, kamar an sassauta kamazuru. Gwargwadon karkata gwargwadon nisan da za a gusar da ita, galibi daga milimita 3 zuwa 6 ko 7, watau bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ga jarirai da yara ƙanana an fi yin wannan a idanun biyu gaba ɗaya. Iyaye kan yi gardama su ce ai ido ɗaya ne ya karkace. Amsa ita ce, idanun biyu aiki ɗaya su ke yi ƙarƙashin umurni ɗaya, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya guda, raba gyaran tsakaninsu kuwa ya kan sa motsinsu ya fi daidaita.

2. Gajarta tsoka. Wannan ga tsokar gefen kunne a ke yi, domin a ƙara mata ja. A kan yanke ɗan guntu daga tsawonta, a mai da ita a ɗinke a wurinta na asali. Waɗansu likitoci ba su yankewa, sai su ninka tsokar su ɗinke ninkin, abin da ke barin hanyoyin jininta yadda su ke.

3. Haɗa biyun a ido guda. A ja ta gefen hanci baya, a gajarta ta gefen kunne, duk a ido ɗaya. An fi zaɓen wannan in ido ɗaya ba ya gani sosai, domin kada a taɓa idon da mutum ya dogara gare shi. In karkatar ta yi yawa ainun, a kan yi aiki a tsokoki uku, wani lokaci huɗu.

4. Ɗinki mai zarge. Maimakon a ƙulle zaren tamau, sai a yi masa zarge. Bayan majiyyaci ya farka, a ranar ko kashegari, likita ya ɗiga maganin kashe zafi, ya sa shi ya dubi wani abu, in da sauran karkata ya ja zaren ko ya sassauta, sa'an nan ya ƙulle. Wannan ya fi dacewa da manya, da waɗanda aka taɓa yi wa aiki, gama ana bukatar mutum ya natsu.

5. Aron tsoka. In tsokar gefen kunne ta shanye sarai, gajarta ta ba shi da amfani, gama ba ta da sauran ja. Sai a ɗauko tsokar sama da ta ƙasa, ko sashensu, a gusar da su kusa da ita su riƙe idon. Wani likitan Jamus, Dakta Humelshaim, ya bayyana irin wannan aiki a 1907, an kuma yi ta kyautata shi tun daga nan. Ya kan miƙe ido a gaba, amma ba ya komo da motsi duka.

6. Allura. Akwai wani magani da a ke samu daga dafin wata ƙwayar cuta, ana kiransa botulinam, an fi saninsa da sunan Botox. Dakta Alan Sikot na San Faransisko ne ya fara amfani da shi ga masu karkatar ido, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1989. A kan tsira ɗan kaɗan a tsokar gefen hanci, ta saki na wajen wata uku. Cikin wannan lokaci ido kan sami damar daidaita, wani lokaci ya zauna a miƙe, wani lokaci sai an maimaita. Fatar ido kan sauko na 'yan makonni bayan allurar, sa'an nan ta koma. Ta fi amfani ga karkata ƙarama da shanyewar jijiya sabuwa, ba kuwa kowane asibiti ke da ita ba.

Zaɓen hanya aikin likita ne. Abin da ya kamaci uba shi ne ya tambaya a gaya masa wace tsoka za a taɓa, a wane ido, da abin da a ke sa ran samu, kafin ya sa hannu a takarda.

LOKACIN DA YA DACE

Ga karkatar da ta fara tun jarirantaka, yawancin likitoci sun fi son a yi aiki tsakanin wata shida da shekara biyu, domin a lokacin ne a ke da begen idanun biyu su koyi aiki tare. Faɗar da a kan yi, wai a bari yaro ya girma ya yi ƙwari tukuna, hasara ta ke jawowa. Ga sauran yara, a kan yi aiki bayan tabarau da rufe ido sun yi iyakar abin da za su yi.

Babban mutum kuwa bai makara ga miƙe ido ba, ko shekarunsa nawa. Aikin kan kawar masa da gani biyu-biyu, ya faɗaɗa masa abin da ya ke iya hangowa a gefe, ya kuma ɗauke masa kunyar da ta kan hana waɗansu shiga jama'a, ko neman aure, ko neman aiki. Sai dai idon da ya zama raggo tun yarinta ba zai sami gani saboda fiɗa ba.

RANAR AIKI DA BAYANTA

Yara a kan sa su barci gaba ɗaya da magani, ba su jin kome. Aikin kansa bai cika wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi ba, majiyyaci kuma kan koma masauki a ranar ko kashegari. Wajibi ne cikin yaro ya zama ba kome lokacin da za a sa shi barci: galibi a kan hana abinci awa 6 kafin aiki, nonon uwa kuma awa 4. Uwa ko kaka da ta ba shi kunu a ɓoye don tausayi ta jefa ransa cikin hatsari, gama yana iya amai ya shaƙe shi cikin huhu. Haka kuma a sanar da likita in yaron yana da sikila, ko tari, ko zazzaɓi, ko kuwa an taɓa samun wani a dangi da maganin barci ya ba wahala.

Bayan aiki farin ido zai yi ja na waɗansu makonni, ya riƙa kaikayi kamar da tsakuwa a ciki. Wannan ba abin tsoro ba ne. Zaren irin mai narkewa ne da kansa, ba sai an cire ba. A ɗiga maganin da aka bayar bisa ƙa'ida, da hannu wankakke. Kada a sa kwalli, ko nono, ko wani haɗin gida. A tsare yaro daga ƙura da wanka a rafi ko kududdufi har likita ya yarda. Yawanci ya kan koma makaranta bayan mako guda. Amma in zafi ya riƙa ƙaruwa, ko ido ya kumbura yana fid da mugunya, ko gani ya ragu, ko idon ya kasa juyawa wani gefe, a koma asibiti a ranar, kada a kwana.

ABIN DA KAN BIYO BAYA

Likita yana aiki ne a kan tsoka, amma asalin lahanin a wurin yawancin yara yana ga umurnin ƙwaƙwalwa. Don haka ko an yi aiki daidai, wani ido kan rage sauran karkata, wani ya zarce waje, wani ya zauna sosai shekaru sa'an nan ya sake gocewa. Sake aiki karo na biyu sanannen abu ne a wannan fanni, ba alamar sakaci ba ce. Ya kyautu a gaya wa iyaye haka tun da fari, domin kada su yanke ƙauna su daina zuwa.

Babban lahani kuwa, kamar huda ƙwayar ido da allurar ɗinki, ko suɓucewar tsoka, ko shigar ƙwayar cuta, ba safai ya ke aukuwa ba. A wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2013, an sami irin wannan a wajen aiki 1 cikin 400, wanda ya bar mummunan sakamako kuwa wajen 1 cikin 2,400. In aka gwada wannan da hasarar ganin ido guda, wadda ke jiran yara da yawa in an bar su a gida, za a ga inda rinjaye ya ke.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

1. A sanar da Dagatai da Masu Unguwa, su kuma su sanar da ungozomomi da malaman makarantun allo da na boko, cewa duk yaron da idonsa ya karkace bayan wata huɗu da haihuwa a kai shi asibiti, kada a jira ya girma.

2. Malamin Hakimi ya rubuta sunan yaron, da na ubansa, da garinsu, da shekarunsa, da idon da ya karkace, da lokacin da aka fara lura. A ba uban kwafi ya tafi da shi. In akwai tsofaffin hotunan yaron, ko a takarda ko a waya, a tafi da su, gama suna nuna wa likita lokacin da abin ya fara.

3. Iri biyu ba su jiran kasuwa ta ci ko a gama girbi: yaron da tsakiyar idonsa ke ƙyalli fari, da wanda idonsa ya karkace farat ɗaya tare da ciwon kai, ko amai, ko tangaɗi. Waɗannan a tura su nan take.

4. A fara da asibiti mafi kusa a karɓi takardar turawa. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, akwai kuma sassan ido a asibitocin koyarwa na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri. Tun da ya ke ba kowane likitan ido ke yin wannan aiki ba, a tambayi ranar da a ke ganin yara da abin da za a kashe kafin a kama hanya.

5. A gargaɗi jama'a kada su bari masu yawon maganin ido a kasuwanni su taɓa idon yaro da tsinke, ko aska, ko wani ruwan magani.

6. Bayan an komo gida, Mai Unguwa ya riƙa tambaya ko yaron na sa tabaransa, ko ana rufe idon yadda aka ce, ko an koma ranar da likita ya sa. Jiyyar takan ɗauki shekaru, mafi yawan hasara kuwa a wannan mataki a ke yinta, sa'ad da iyaye suka ga ido ya miƙe suka zaci an gama.

Ana fatan Hakimai za su sa a karanta wannan bayani a majalisarsu ranar da Dagatai suka hallara, a kuma ajiye littafin a ofis domin mai neman ƙarin haske. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.